Gudun da Dikko Mai Bindiga Ya Yi a Fadamar Ambursa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Laraba, sha huɗu ga Rabi'ul Awwal 1446, wadda ta yi daidai da sha takwas ga Satumba 2024, ana shirin kiran sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran kakana, mahaifin mahaifina, Malam Dikko Mai Bindiga na Ambursa. Shekararsa tamanin da ɗaya a faɗarsa, tamanin da huɗu a faɗar matarsa Hauwa'u, kuma ita ce mai gaskiya. An yi masa sutura bayan La'asar. Jama'a sun zo daga Birnin Kebbi, daga Argungu, daga ƙauyukan bakin gulbi, har sahu ya cika filin masallaci ya gangaro gefen titi.

Ni ne Hodi, jikansa, ɗan kabu-kabu tsakanin Ambursa da cikin Birni. Wanda ya san ni zai yi mamakin ganin sunana a jikin ta'aziyya, domin ni ne na taɓa sa wa bunsurun mai unguwa hula na sake shi ranar kasuwa, kuma ni ne na ƙulle bakin rigunan dattawa biyu suna gyangyaɗi a gindin darbejiya. Ban musa ko ɗaya ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, akwai wata dariya da aka yi wa tsohon nan shekara uku da suka wuce, ni na jawo ta, kuma ta bi motocin shinkafa ta kai Birni, ta kai Argungu. Mutanen Ambursa sun riga sun ji gaskiyar maganar daga bakina. Saura ku da dariyar ta kai wa, gyaran bai kai muku ba. Ba na son a bar sunansa da wannan tabon.

Tsoho. Haka nake kiranka tun bakina bai iya magana sosai ba, kai kuma kana ce mini Tuzuru tun ba a yi mini kaciya ba. Kullum rigimarmu ɗaya ce, wai ina neman ƙwace maka Hauwa'u. Ita kuma sai ta zuba mini fura a babbar ƙwarya, ta ce, "Sha, angona, bar tsohon ga shi mutu da haushi." Bari in ci gaba da kiranka Tsoho a nan, don in na ce Malam Dikko sai in ji kamar da wani baƙo nake magana.

Bindigarka doguwa ce, in an tsayar da ita tana kai mini haɓa. Ƙotarta ta yi baƙi wuluk da gumin hannu, bututun kuma an ɗaure shi da zobban tagulla guda uku. Ka ce wani maƙeri a Argungu ya ƙera wa mahaifinka ita. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sandar ƙarfe. A iya sanina ba ka taɓa zuba mata harsashi ba. Ƙara kawai kake nema da ita. A zamanin nan da jin bindiga ke sa uwa ta rarumo ɗanta ta rufe ƙofa, da wuya yaro ya yarda cewa an yi lokacin da wannan ƙarar albishir ce. Kai ne kake harbawa in an ga watan Salla. Kai ne kake tarbon alhazai. Ranar da na yi sauka, duk da ka rantse cewa malaminmu ya gaji da ni ne ya sallame ni, sai da ka harba sau uku a ƙofar gida, kuma Hauwa'u ta ce ta ga kana goge ido, ka ce hayaƙi ne.

Shekarar babbar ambaliya, da kwalekwale ya kife da mata masu dawowa daga tsallake, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, murya ba ta kai ko'ina, kai ne ka shiga ƙarƙashin rumfa ka ɗura ka harba, ka sake ɗurawa ka harba, har masunta suka gane lafiya ba ta kawo wannan ba, suka fito da jiragensu. Cikin matan da aka tsamo ranar, biyu sun zo gaisuwa da jikokinsu.

Amma babban aikinka korar tsuntsu ne. Wanda bai taɓa noma shinkafa a fadamar Rima ba bai san jan-baki ba. Ƙaramin tsuntsu ne, bai cika tafin hannu ba, amma in sun taso sai rana ta dushe. Suna sauka a kan shinkafa lokacin da ta yi nono, kafin ka zagayo gona sun bar maka kara tsaye. Yara na jan igiyar gwangwani, suna jifa da majajjawa, suna ihu har muryarsu ta dishe, tsuntsun ya saba da su. Ƙarar bindiga ce kaɗai ba ya sabawa da ita. Shekara arba'in da wani abu kana wannan aiki tare da abokinka Baba Tamba na Argungu, wanda yake tarewa a zaurenka duk lokacin nunar shinkafa. Ladanku dami ne in an yi girbi, amma gonar marayu da ta gwauruwa ba ku taɓa ɗaukar ko zangarniya ba, kuma su kuke fara tsarewa.

Yanzu ga maganar suna, wadda ita ce tushen rigimata da kai. Irin wannan bindiga mutane na ce mata harba-ka-ruga. Duk inda ka tambaya a tasha ko wurin mai shayi, fassara biyu za a ba ka. Wasu su ce don magana ɗaya take yi, in ka harbi nama ka kuskure sai ka zubar da ita ka ceci ranka. Wasu su ce don ba ta da amana, tana iya fashewa a hannun mai ita, gara ka harba ka yi ta kanka. Duka biyun dai sunan matsorata ne. Ni kuwa na samu abin tsokana. Da na gan ka zaune kana shafa mata mai, sai in tsaya daga nesa in ce, "Tsoho, yau ina za a ruga?"

Wata rana ba ka jefe ni da takalmi ba yadda ka saba. Ka ce, "Gobe da sassahe ka biyo ni hwadama, Tuzuru. Bakinka ya yi aiki, saura idonka."

Abin da na gani ke nan. Ku biyu ne, kai da Baba Tamba, kowa da tasa. Garken tsuntsu ya karkato zai sauka, ka matsa gaba ka harba sama. Suka tashi kamar an yaye bargo. Kafin hayaƙi ya baje ka juya da gudu, taku kamar ashirin, wajen da iska ke fitowa, ka durƙusa ka fara ɗuri. Shi kuwa Baba Tamba ya riga ya tsaya a sawunka. Ɗurin bindigar nan yana cin lokacin da mutum zai yi alwala mai kyau, tsuntsu kuwa ba ya jiran ka gama, kewayawa ɗaya yake yi ya dawo. Yana dawowa Baba Tamba ya harba, ya juya da gudu, kuka yi kiciɓis a tsakiya, kai kana komawa da taka a cike. Haka kuka yi ta yi har hantsi. Tsuntsu bai taɓa ƙasa ba, ya haƙura ya bi gulbi.

Kana haki ka ce mini, "Ka gani? Ba a ɗuri inda anka harba, akwai tartsatsi cikin haki. Kuma ba a tahiya da yanga, don ɗan'uwanka na can da magana guda tak a hannunai. In ka yi nawa, kai ka bashe shi. Shi na harba ka ruga. Mai tsoro in ya ruga, ka taɓa ganin ya dawo?"

Ka ce haka mahaifinka ya gaya maka, wai tun zamanin yaƙi masu irin wannan bindiga sahu biyu suke yi, kuma daga nan sunan ya fito. Ni ban gani a rubuce ba. Na je Gwadangaji na tambayi malaminmu na allo, Malam Abdussamadu, shi ma ya ce bai ci karo da shi a littafi ba, kuma ba zai ƙaryata dattijon da ya gaji abu daga ubansa ba. Sai dai ya ba ni wata fa'ida. Ya ce ita kalmar bindiga kanta daga Larabci ta zo, bunduƙiyya. Bunduƙ wani ɗan itace ne ƙanƙane mai kwanso, kewayayye, sai Larabawa suka ara wa dunƙulen yumɓu da ake harbin tsuntsu da shi wannan suna, da ƙarfe ya zo sai ya gaje shi. Ya ce wasu malamai kuma na danganta ta da wani birnin fatake a bakin teku wanda Larabawa ke kira da wannan suna, Allah ne Masani.

Na tuƙo mashin da murna na kawo maka, a zatona na samu sabon makami. Na ce, "Tsoho, ashe duk wannan taƙama sunan ɗan itace ne, ɗan'uwan gyaɗa." Sai ka gyara zama, ka ce in maimaita. Na maimaita. Ka leƙa cikin gida ka ƙwala kira, "Hauwa'u! Zo ki ji. Tun asali don tsuntsu anka yi ta, kuma sunanta na cikin Larabci. Tuzurun ga nan ko sunan kirki bai da." Sati guda duk wanda ya zo zaure sai ka sa shi ya ce bunduƙiyya. Ranar na san ban iya da kai ba, kuma ina jin daga ranar ne shaiɗan ya fara raya mini in yi abin da zai kai ka ƙasa ko sau ɗaya.

Ga abin da na yi, a ranin shekara uku da suka wuce. Albarushinka da kanka kake haɗawa, kuma shi ne abin alfaharinka, kana cewa tun da ka fara bai taɓa ba ka kunya ba. Kana zuba na aikin yini a wani ƙaho da kake ratayawa a ƙugu. Wata la'asar kana masallaci, na juye mafi yawan abin da ke cikin ƙahon a bayan danga, na daka gawayin murhun Hauwa'u na cika shi. Abin da na hango kawai shi ne, za ka ja kunamar bindiga ta ce fus, in yi dariya, ka bi ni da sanda. Wallahi iyakar tunanina ke nan.

Washegari gonar Kalilu ake tsaro, wani magidanci mai iyali da yawa, shinkafarsa ta yi kyau ƙwarai a shekarar. Akwai mutane, akwai yara masu gwangwani sun kewaye ka suna jiran ƙara. Tsuntsu ya karkato. Ka ɗaga, ka ja kunama. Ta yi wani ɗan tari, siririn hayaƙi ya fito, shi ke nan. Sai kawai muka ga ka kifar da bakinta ƙasa, ka ture yaran da gwiwar hannu, ka zura da gudu. Tsoho mai sama da tamanin, rawani ya warware, takalmi ɗaya ya fita, ka tsallake kunya uku, ka faɗa cikin kududdufin bakin gulbi har ƙugu, ka nutsa bindigar a ruwa.

Fadama ta ɗauki dariya. Wani ya ce yau an ga ruga ba a ga harbi ba. Ni na fi kowa, har da kwanciya a kan kunya ina dukan ƙasa. Baba Tamba ya harba tasa, amma magana ɗaya gare ta, babu wanda zai karɓe shi. Kafin ya gama ɗuri tsuntsu ya sauka. Kalilu ya rasa kusan sulusin gonarsa a wannan safiyar, kuma cikin zafin rai ya faɗa a gaban jama'a cewa Dikko ya ƙare, a daina wahalar da tsoho.

Daga baya ne Baba Tamba ya gaya mini abin da muka yi wa dariya. In irin wannan bindiga ta yi hayaƙi ba ta tashi ba, ba a san ko wuta na cin ta a ciki ba. Tana iya tashi bayan numfashi goma, tana iya fasa bututun. Ƙa'idar masu ita, ba a leƙa bakinta, ba a jefar da ita, ba a miƙa wa wani. Wanda ya ɗura shi zai rungume ta ya nisanta da mutane, ya kai ta ruwa. Wato a zatonka abin da ke iya cire maka hannu ne ka rungume, kake gudu da shi don 'ya'yan mutane. Mu kuwa muna riƙe ciki.

Ƙahon ya jiƙe tare da kai, don haka babu wanda ya gane abin da ke ciki. Ka dawo gida jiƙe sharkaf. Ka wanke bindigar, ka shanya ta, ka shafa mata mai, ka naɗe ta a tsohon zane ka rataye a zaure. Ka ce wa mahaifina, "Hannun da yay yi kuskuren awo sau guda ya gama. Ba ni jira sai na kashe ɗan wani." Ka sa Hauwa'u ta kai ragowar albarushin shekarar ta zubar a gulbi. Baba Tamba ya ɗaure kayansa ya koma Argungu, shi ma ya rataye tasa, don aikin ba na mutum ɗaya ba ne.

Shekara uku, Tsoho. An ga watan Salla har sau shida Ambursa shiru. Ka daina zuwa fadama. In na ce maka Tsoho sai ka amsa da "na'am" kamar wani baƙo ya yi sallama. Wani lokaci in same ka kana kallon tafin hannunka, kana juya shi. Ni kuwa da bakina ba ya rufuwa, a kan wannan magana sai ya zama kamar an ɗinke shi. Na sha ɗauko fasinja a unguwar Gesse cikin Birni ko a tashar Argungu, in ya ji daga Ambursa nake sai ya ce, "Garin tsohon nan da bindigarsa ta kore shi?" In yi dariyar yaƙe in ƙara wuta.

Da damina ta yi nisa a bana ciwo ya kwantar da kai. Ranar wata Lahadi bayan La'asar na shiga na same ka kai kaɗai, ka rame har zoben azurfarka na yawo a yatsa. Na ga in na ƙara kwana biyu, ƙila kabari zan gaya wa. Na durƙusa na faɗa maka duka, kaina a ƙasa, ina jiran tsinuwa.

Ka juyo ka dube ni. Sannan ka ce, "Gawayi?"

Na ce, "Gawayi, Tsoho."

"Na murhun Hauwa'u?"

"Shi."

"To awon nau fa?"

Na ce, "Awonka daidai yake. Ni ne."

Ka sa na faɗa har sau uku. Sai na ga kafaɗunka na rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, har tari ya sarƙe ka. Da ka samu numfashi ka ce, "Ɗan banza. Shekara ukku ina zargin hannun ga, bawan Allah bai yi komi ba." Ka sumbaci tafin hannunka. Daga nan ka ce, "Amma ido ya tahi. Da ina da idon da, ko da duhun asuba ba a ɗura mini gawayi in kasa ganewa. Ajiyewar daidai ta. Sunan da anka ɓata mini, shi na ba daidai ba."

Hauwa'u tana bakin ƙofa ashe, ta ji komai. Ba ta kalle ni ba. Ta wuce rumbu, ta dawo da wata kwalba an toshe bakinta da kakin zuma. Ragowar albarushin nan ne da ka ce ta zubar. Ta ce, "Ni ban zubar da abin da nig ga an sha wahala kainai. Ga shi nan, in kuna da abin yi da shi." Sannan ta juyo ta ce mini, "Kai kuma na sake ka, saki ukku."

A nan ka yanke mini hukunci. Ka ce za ka harba sau ɗaya da wannan albarushin, haɗin shekarar, a gaban mutane. Amma yanzu ba a tayar da bindiga haka kawai, sai an gaya wa mai unguwa da 'yan sintiri, sai an yi shela kada mata su firgita. Ka ce, "Kai za ka yi shelar. Da ƙahwa, ba bisa mashin ba. Kuma duk inda kat tsaya, ka hwaɗi dalili."

Ranar Litinin na ɗauko Baba Tamba daga Argungu, shi da bindigarsa. A hanya na gaya masa. Muna wuce gada sai ya ranƙwashe ni a ƙeya da ƙarfin da ya kusa kai mu rami, ya ce, "Tuƙa." Da la'asar na fara zagaye. Ƙofar masallaci, wurin mai shayi, tashar mashin, injin casar shinkafa, bakin famfo inda mata ke layi. Ko'ina in ɗaga murya in ce, "Jama'a, gobe da hantsi Dikko zai harba bindiga a bayan gari, kada kowa ya firgita. Kuma ku sani, ranar gonar Kalilu ba haɗinsa ne ya ƙi ba, ni Hodi na zuba masa gawayi. Gudun da ya yi kuwa, 'ya'yanku ya gudar wa."

Abin da ban yi tsammani ba, babu wanda ya yarda. Abokaina na tasha suka kwashe da dariya, suka ce wannan kuma wace sabuwar tsiya ce Hodi ya ƙirƙiro. Mai shayi ya ce in don a wanke tsoho ne, Allah Ya ba ni lada, amma ƙarya ba kyau. Wata mata a bakin famfo ta ce ko na rantse da allona ba ta saye. Ranar na san abin da na mayar da bakina: na zo da gaskiya sau ɗaya a rayuwata, an rasa mai karɓa. Na dawo na gaya maka, ka ce, "Bar su. Gobe ita za ta yi magana."

Talata da hantsi muka ɗauko ka a kan kujera, ni da mahaifina da ƙannensa, zuwa filin bayan gari inda ake sussuka. Rabin Ambursa na can, yawancinsu sun zo kallon yadda tsiyata za ta ƙare. Kalilu na tsaye daga gefe ya harɗe hannu. Ka ce a ba ka kwalbar. Ka ƙi a taimake ka, ka zuba a tafinka, ka rage kaɗan da ɗan yatsa, ka juye a bakin bindigar. Baba Tamba ya danna tsumma, ya kafa gwafa a ƙasa ya ɗora bututun a kai yana kallon sama. Ka sa aka mayar da yara baya, ka sake sawa aka ƙara mayar da su. Ni na riƙe bayan kujera. Ka yi bisimilla, ka ja kunama.

Ban san yadda zan rubuta wannan ƙarar ba. Na ji ta a haƙorana. Kujera ta daki ƙirjina, tantabarun gari suka tashi gaba ɗaya, jakuna suka ɗauki kuka, hayaƙi fari tas ya rufe mu. Kafin ya baje Baba Tamba ya matsa gaba da tasa, ya amsa maka. Sai guɗa ta ɓarke daga wajen mata, kuma na san muryar Hauwa'u a ciki.

Da wuri ya lafa, ka waiga a hankali har idonka ya samu wanda kake nema. Ka ce, "Kalilu, ka jiya, ko in ƙara?"

Kalilu ya cire takalmi ya zo ya durƙusa. Ya ce, "Na jiya, Baba. A gahwarce ni." Ka dafa kansa ka ce shi ne ya yi asara, shi ya kamata a roƙa. Na roƙe shi a wurin, a gaban kowa. Ya ce ya yafe, amma in shirya lauje, bana a gonarsa zan yi girbi daga farko har ƙarshe. Na amsa. Ni kuma sai a hanyar gida, muna ɗauke da kai, ka sunkuyo ka ce mini a kunne, "Na yahe, Tuzuru. Yi a hankali, kak ka kada ni, mutane na kallo."

Kwana takwas ka ƙara a duniya. A cikinsu zaurenka bai rabu da mutane ba, kuma ka ci abinci fiye da yadda ka ci a wata biyu. Baba Tamba bai koma Argungu ba sai da ya sa hannu aka saka ka a kabari.

Ina alfahari da kai, Tsoho, kuma ban taɓa gaya maka ba don kada ka samu abin faɗa. Ina alfahari da cewa jinin mutumin da ya riƙe bindiga shekara sittin bai taɓa tsorata kowa da ita ba yana jikina. Ina alfahari da cewa da ka zaci hannunka ya gaza, ka ajiye abin da ka fi so a duniya ba tare da kowa ya tilasta ka ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga kakata Hauwa'u, wadda ta zauna da kai shekara hamsin da takwas, ga mahaifina Muhammad Sani da 'yan'uwansa maza da mata, ga Baba Tamba da iyalinsa a Argungu, ga manoman fadama tun daga Ambursa har inda ƙararka ke kaiwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Ya Allah, ga bawanKa Dikko ya zo gare Ka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya masa makwanci. Yadda ya tsare abincin marayu, Ka tsare shi daga azaba. Yadda ya nisantar da cuta daga 'ya'yan mutane, Ka nisantar da shi daga wuta. Ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna Firdausi, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Roƙona na ƙarshe gare ku ne, mutanen Birni da na Argungu. Duk wanda ya taɓa jin labarin nan ya yi dariya, ko ya ba wani ya yi, ban ga laifinsa ba, ni na shirya ta. Amma yau ya ji yadda aka yi. Ya karanta wa Dikko ƙulhuwallahu ƙafa uku, kuma in ya sake jin ana ba da labarin a tasha, ya tsayar da mai bayarwa ya ƙarasa masa. Ni da na fi kowa dariya, sauka na ɗauka, ni kaɗai, ba rabawa. Yau ina izu na sha tara.